Tambayoyi da amsoshi kan gidan ƙaramar bindiga, daga bakin baduku

Assalamu alaikum jama'a. Ni baduku ne nan cikin birnin Katsina, gado na yi, mahaifina kube yake ɗinkawa na wuƙa da na takobi da kayan dokin hawan Sallah, a hannunshi na koyi riƙon basilla tun ina ɗan makarantar allo. To shekarun nan sai ga wani aiki ya ƙaru mana, wato gidan ƙaramar bindiga, wasu su ce kuben bindiga wasu su ce holsta duk abu guda ne. Masu zuwa wajena jami'ai ne da ke aiki cikin kayan gida, 'yan sandan ciki da masu tsaron manya da makamantansu, kuma tambayoyinsu kusan iri guda ne kullum, wani har tsakar dare zai turo saƙo a WhatsApp wai ƙugunshi ya hana shi barci, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda in amsa gwargwadon abin da hannuna da idona suka gani.

Malam baduku, wai wa ma doka ta yarda ya riƙe ƙaramar bindiga?

Da wannan zan fara don ita ce ƙofa. Dokar makamai ta Najeriya tun 1959 take, kuma ta kasa bindigogi kashi 3. Akwai bindigar toka irin ta maharba wadda ake ɗurawa ta baki, wannan kwamishinan 'yan sanda na jiha ke bada lasisinta. Akwai bindigar farauta irin su dabul-baral, wannan Sufeto Janar na 'yan sanda ke da ikon bada lasisi. Sai kashin da aka haramta, ciki har da bindigogin yaƙi da mashin-gan da bama-bamai, kuma fistol da libarba, wato ƙaramar bindigar da muke magana a kai, a wannan kashin suke, ba mai ikon bada izininsu sai shugaban ƙasa. Ka ga ke nan duk ƙanƙantarta a wajen doka layi guda take da manyan makamai. Hukuncin wanda aka kama da ita ba izini yana kai ɗaurin shekara 10 ko fiye. Ko lasisin bindigar farauta ma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai matsalar gani, ko wanda aka taɓa yanke ma hukunci kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce.

Saboda haka duk abin da zan faɗa nan ƙasa da jami'in da hukuma ta damƙa ma makami nake magana. Kuma ni a shagona sai na ga katin aiki kafin in yanka fata.

Garinmu ba lafiya, ɓarayin daji sun hana mu noma, ba ni da lasisi amma ina so ka ɗinka mani.

Ɗan uwa wallahi wannan saƙon duk ranar da ya shigo sai raina ya ɓaci, don ba baƙo nake ba, ina da dangi ta yankin Batsari da Jibiya, na san abin da ake nufi da mutum ya kwana da takalmi a ƙafa. Na kuma san a 2021 tsohon gwamna Aminu Bello Masari ya fito fili ya ce jama'a su tashi su kare kansu. Amma maganar gwamna ba ta goge dokar tarayya ba, ranar da aka tare ka a shinge aka laluba ƙugunka aka samu fistol kai kaɗai za ka tsaya gaban alƙali, iyalinka kuma su rasa mai nemo masu abinci. Ba zan ɗinka maka ba, kuma ba don ban damu da kai ba ne. In kana da ƙarfin zuciyar tsaron garinku akwai rundunar tsaron al'umma da gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, ka bi ta nan da sanin mai unguwa da hakiminku.

To mi ake dubawa a gane gidan bindiga mai kyau?

Abu na farko da ba a ciniki a kanshi, ya rufe kunamar bindiga ruf ta kowane gefe, yadda ko ɗan yatsa ko bakin riga ko makulli ba zai samu hanyar taɓa ta ba muddin tana ciki. Wannan ya fi muhimmanci ga masu riƙe da irin su Glock, wata ƙirar fistol, don ita ba ta da wani makunni a gefe da za ka murɗa ka kulle, tsaronta a jikin kunamar yake da cikin inji, duk abin da ya danna kunamar da kyau to ta tashi ke nan, ba ruwanta da yatsa ne ko tsumma.

Sai riƙo. Ka cire gidan harsashi, ka ja saman bindigar baya ka leƙa ka tabbatar ba kome a ciki, ka sake leƙawa, sannan ka sa ta cikin kuben ka kifa shi a kan katifa ka ɗan girgiza. In ta zube to bai riƙe ba. Sai bakin kuben, ya zama in ka zare bindigar yana nan a buɗe bai rufe kamar bakin jakar tsaba ba, don ka iya maida ta da hannu guda ba sai ka sa yatsun ɗayan hannun gaban bakin bindiga kana buɗawa ba. Sai kuma ya zauna inda ka aje shi, wanda ka ɗaura a ƙugu da safe ka tarar da shi ya zagayo mara da azahar ba abin yarda ba ne.

Kuma kowace bindiga da gidanta. Wanda ake cewa yana shiga kowace iri, a gaskiya ba wadda yake riƙewa da kyau.

Yallaɓai ni dai mai laushi nake so wanda ba zai dame ni ba.

Nan ne muke yawan jayayya da masu zuwa, kuma nan ne nake so a tsaya a saurare ni. Kusan kowa in ya shigo sai ya kai hannu kan fata mafi laushi a shago ya shafa ya ce wannan za ka yi mani da ita. Laushi a tafin hannu daban, sauƙi a ƙugu daban. Abin da ke sa mutum ciwo ba taurin fata ba ne, motsi ne, ƙarfe mai nauyi yana lilo yana gurzar wuri guda tun hantsi har dare, bakin ƙota yana sukar haƙarƙari in ka zauna, bel yana zamewa kana ta ja sama. Fata mai tauri da aka gyara daidai jikin bindigar tana baza nauyin a faɗin ƙugu ta riƙe shi cak, bayan sati guda ma mantawa kake yana nan. Kamar sirdi ne, duk wanda ya yi hawa ya san sirdin da ke rawa shi ke fasa bayan doki ko da an shimfiɗa mashi jalala goma.

Akwai wani jami'i da ya zo mani bara da wani tsohon kube da ya saya a hannun masu talla, yana so in ƙara mashi ɗinki kawai don yana jin daɗinshi. Na karɓa na juya, fatar ta sha zufa ta yi laƙwas, leɓen sama na wajen kunama ya lanƙwashe ciki kamar kunnen akuya. Na ɗauko samfurin katako da nake aiki da shi na tura ciki a hankali a gabanshi, muna kallo wannan kunnen fatar ya shige zoben kunama ya kwanta a kanta. Shiru ya yi, sai da ya jima sannan ya ce innalillahi, wata nawa ina maida ta a haka cikin mota kusa da cinyata. A nan shagon muka yanka shi biyu da almakashi don kada wani ya tsinta ya yi amfani da shi.

In kana son laushi, a gefen da ke taɓa jikinka za a sa, a yi mashi shafi da fatar akuya mai santsi. Amma jikin kuben kanshi dole ya yi tauri, bakin kuma a ninka shi biyu a ɗinke.

Fata ta fi ko roban nan da ake kira Kydex ko na yadi?

Duk da fata ce abincina gaskiya zan faɗa. Kydex wani roba ne mai tauri da wani kamfanin Amurka, Rohm and Haas, ya fito da shi a 1965, asali ma don kayan cikin jirgin sama aka yi shi, daga baya masu kube suka gane in an gasa shi yana ɗaukar siffar duk abin da aka danna a kai. Amfaninshi ba ya shan zufa, bakinshi ba ya rufewa, in bindiga ta shiga za ka ji ƙas ka san ta zauna, kuma yawanci akwai ɗan kusa da ake murɗawa a ƙara riƙo ko a rage. Aibinshi ba ya sabawa da jiki, yadda ka saye shi haka zai zauna, yana cin fentin bindiga musamman in ƙurar hunturu ta shiga tsakani, kuma kada ka bar shi a gaban gilashin mota cikin ranar watan Afrilu da zafin Katsina ke wuce digiri 40, zai iya lanƙwashewa riƙon ya lalace.

Fata kuwa tana bin jikin mai ita, ba ta ƙara, ba ta sanyi ko zafi a fatar mutum, amma tana son kulawa kuma tana tsufa. Akwai na haɗi, fata ta gefen jiki roba ta gefen waje, mutane da yawa masu zaman mota suna yabawa. Na yadin nailan mai arha kam ban ba kowa shawara ba.

Wace irin fata kake amfani da ita?

Ƙirgi, fatar saniya da aka jeme da bagaruwa, kaurinta kamar milimita 3. Jar fatar akuyar nan tamu ta Sakkwato da Maraɗi da duniya ta sani tun zamanin fatake na haye Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, ba ta da na biyu a jaka da takalmi da bangon littafi, amma ta yi siriri ta yi laushi ga wannan aikin, a shafi kawai nake sa ta. Abin da ya sa nake nace wa jimar bagaruwa, ita ce in ka jiƙa ka danna a kan samfuri ka bari ta bushe a inuwa take riƙe siffa ta yi ƙwari. Fatar kamfani da aka jeme da sinadarin kurom ba ta riƙe siffa haka, kuma in ta haɗu da danshi tana taimaka ma tsatsa ta kama ƙarfe.

A wane gefen jiki ya fi sauƙi?

Masu wannan harkar da agogo suke kwatance, cibiya ƙarfe 12, ƙashin ƙugun dama ƙarfe 3, tsakiyar baya ƙarfe 6. Ga badame wanda ya fi yi ma yawancin mutane daɗi tsakanin ƙarfe 3 da 4 ne, wato ɗan bayan ƙashin ƙugu inda akwai tsoka, a ɗan karkata ƙotar gaba kamar digiri 15 don ta kwanta a jiki kada ta turo riga. Kada ka ɗora shi a kan ƙashin kai tsaye, kafin la'asar za ka ji a jikinka.

Na mara, wajen ƙarfe 1, shi samari ke gani a bidiyon Amurkawa suna sha'awa. Yana da sauri kuma yana gabanka kana tsare da shi, amma ka sani bakin bindigar yana kallon saman cinya inda babbar jijiyar jini ta ratsa, kuskure guda a wajen mintuna kaɗan ne, kuma mai tumbi ba zai ji daɗin zama da shi ba ko kaɗan. Na tsakiyar baya kuwa ban yarda da shi ba sam, ka faɗi ta baya ko a tura ka, ƙarfe ne tsakanin ƙashin bayanka da ƙasa. Na idon sawu sai 'yar ƙarama ƙwarai, ga ƙura ga ruwan damina ga alwala sau 5.

Akwai kuma bambancin na cikin wando da na waje. Na waje ya fi daɗi nesa ba kusa ba, in rigarka doguwa ce mai yalwa shi nake fara nuna maka. Na ciki ya fi lafewa amma sai ka ƙara ma ƙugun wandonka inci 1 zuwa 2.

Ni kaftani nake sawa da wandon zariya, ya zan yi?

Yawwa, wannan ita ce tambayar da ba za ka samu amsarta a YouTube ba, don duk masu waɗannan bidiyon wandon jins suke sawa da gajerar riga. Mu kuwa shadda ce ko yadi, riga har ƙasan gwiwa, wando da zariya. Zariya ba za ta ɗauki bindiga ba, ka daina gwadawa. Glock 19 cike da harsashi tana kai kimanin giram 850, Beretta 92 ko ba harsashi ta kusa giram 950, wato kamar ka rataya kilon sukari a gefe guda na wandonka ka ce igiya ta riƙe tun asuba har isha'i, dole wandon ya karkace, kuben ya kife waje, kai kuma kana ta tattaɓa ƙugu kowa na ganinka.

Mafita a wajen tela take kafin ta zo wajena. Ka ce ya ɗinka maka wandon kaftanin da ƙugu irin na bel, mai madaukai masu faɗi da ƙarfi, daga waje ba mai bambancewa tunda riga ta rufe. In kuma dole sai wandon zariya, to ka ɗaura bel ɗin daban a kan singileti, kuben a jikin bel, wandon ya zama ba ruwanshi da nauyin. Yadi mai ɗan kauri ko shadda mai sitati ta fi sirara voyal rufe siffa, kuma kada a matse rigar a ƙugu irin ɗinkin samarin yanzu.

Abu guda da nake roƙon kowa ya riƙe, bakin zariyar nan da ke lilo da gefen riga mai yawa sune abokan gabanka lokacin maida bindiga cikin kube. Ka yaye rigar da kyau, ka cusa zariyar cikin wando, ka sunkuyar da kai ka duba bakin kuben da idonka, yatsa a miƙe nesa da kunama, sannan ka tura a hankali. In ka ji ta cije kada ka danna da ƙarfi, ka fito da ita ka duba mi ya tare. Ba wanda ke ba mutum lambar yabo don ya yi saurin maidawa.

Masu babbar riga wasu suna zaɓen na hammata tunda gefen rigar a buɗe yake, kuma nauyin yana komawa kafaɗu. Yana da kyau ga mai dogon zama, amma ka nemi wanda bakin bindigar ke kallon ƙasa. Wanda ke kwance, bakinshi ƙirjin wanda ke bayanka yake kallo duk inda ka tsaya, a layi ko a sahu.

Sallah fa, da alwala da shiga bayi?

Hukuncin shiga masallaci da makami wannan na malamai ne da ƙa'idar wajen aikinka, su za ka tambaya. Abin da dai duk muka ji a karatu, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji ma wani musulmi ciwo, ya kuma hana mutum nuna ɗan uwanshi da makami. Ni a wajena kube mai rufe kunama shi ne riƙe tsinin kibiya na wannan zamanin.

Ta ɓangaren jiki kuwa, sallah ce babbar jarrabawar kube. A ruku'u na baya yake turo riga, a sujada na mara yake sukar ciki, a zaman tahiya kuma mu da muka saba zama a kan ɗuwawun hagu, bahago mai ɗaurawa a hagu shi ke shan matsa, sai a ɗan matso mashi da shi gaba ko a ɗaga shi sama. Shi ya sa nake ce ma kowa kafin ka fita da sabon kube, ka sauke bindigar tsaf, ka ɗaura a ɗaki, ka yi duk waɗannan motsin, ka tsuguna kamar mai alwala, ka zauna a tabarma ka miƙe. Inda zai dame ka a nan zai nuna.

A bayi kada ka zare ta tsirara ka ɗora a kan katanga ko bakin taga. In dole sai ka cire, ka cire ta tare da kubenta gaba ɗaya.

Kullum ina kan babur ko cikin mota, daga Katsina zuwa Daura ko Funtuwa.

Kai riƙo za ka fi ba ƙarfi. Gargadar hanya tana ɗaga bindiga a hankali daga kuben da ba shi da maɗauri, don haka ka nemi mai ɗan maɗauri a sama wanda babban yatsa ke ɓallewa. A mota na ƙarfe 4 kujera na danna shi a kwankwaso, ka matso da shi ƙarfe 3 ko ka koma na hammata, kuma kada ka cire ka cusa ƙarƙashin cinya ko tsakanin kujeru, burki guda ta tafi ƙarƙashin feda. In kana goyon wani a babur ko kana shiga cunkoson kasuwa, ka tuna hannun wani ma zai iya kaiwa inda naka ke kaiwa.

Zufa na sa bindigar tsatsa, ni kuma ƙuraje sun feso mani a ƙugu.

Zufa gishiri ce, ga ƙarfe ga fata duk tana ci. Kada kube ya taɓa fatar jikinka kai tsaye, ka sa singiletin auduga a tsakani ka riƙa canzawa, kuma a yi maka kube mai dogon harshe ta gefen jiki wanda ya haura ya tare bayan bindigar. Da ka dawo gida ka raba su, ka goge ƙarfen da tsumma mai ɗan mai, kuben kuma ka bar shi ya sha iska a inuwa, ba a rana ba ba kusa da murhu ba. Da damina in ka bar shi a rufe funfuna zai yi, da hunturu kuma bushewa yake har ya tsage.

Amma don Allah kada a yi mashi wanka da man kaɗe ko man shanu ko man inji. Na san haka muke yi ma linzami da takalmi, to su laushi ake nema, shi wannan tauri ake nema. Ɗan kakin goge takalmi marar launi a waje sau biyu ko uku a shekara ya isa.

Bel ɗin da nake da shi na kasuwa ba zai yi ba?

Rabin masu zuwa da kukan kube, matsalarsu bel ce. Ka riƙe bel ɗinka a tsaye ka matsa faɗinshi da yatsu biyu, in ya lanƙwashe to ba zai ɗauki nauyi ba. Ana son mai faɗin inci 1.5, fata biyu a haɗe a ɗinke, kuma ramin kuben ya zo daidai da faɗin bel ɗin ba sako-sako ba. Da bel mai ƙarfi ba sai ka ɗaure cikinka tamau ba, nan ma ciwon kwankwaso ke raguwa.

Sabon da ka ɗinka mani ya matse, da ƙyar take fita.

Haka ake so sabo ya kasance, fata buɗewa take ba ta komawa. Ka sauke bindigar ka tabbatar, ka sa ta cikin leda 'yar sirara, ka tura cikin kuben ka bari ta kwana. Da safe ka cire ledar ka gwada. In bai isa ba ka ƙara dare guda. Kada ka jiƙa, kada ka sa mai, kada ka tura itace ciki.

Ni mace ce jami'a, in sa a jakar hannu ba ya isa?

Hajiya jaka ita ce abu na farko da ɓarawo ke fizgewa, ita ce kuma ake ajewa a kan kujera a gidan biki yara su buɗe neman alewa. A jiki ya fi. Ƙugun mace ya fi lanƙwasa, shi ya sa kuben da aka yi ma namiji yake tura ƙota cikin haƙarƙarinki, sai a yi maki wanda ya ɗan sauka ƙasa ko a matso da shi gaba, kuma zani ko siket ba ya ɗaukar nauyi sai da bel daban a ciki. Akwai ɗamarar roba mai faɗi da ake ɗaurawa a ciki, tana yi, amma sai wadda aka sa ma kube mai tauri a wajen kunama, kuma da zafi tana da wahala. Ki kula da gefen hijabi da gyale lokacin maidawa kamar yadda na faɗa ma maza kan zariya. In kuma aiki ya tilasta jaka, to aljihu guda na bindigar ne ita kaɗai cikin kubenta, ba makulli ba jan baki ba caja, jakar kuma a rataye a jikinki. Awo kuwa ba ni ke yi ba, tef nake bayarwa a auno a gida a kawo mani lamba.

Maigidana jami'i ne, in ya dawo sai ya rataye kuben da bindigar a ƙusa bayan ƙofa, ga yara.

'Yar uwa ki gaya mashi baduku ya ce kube ba makulli ba ne. Yaro ɗan shekara 4 zai iya ɓalle maɗaurin nan, kuma yaranmu sun iya jan kujera su hau. Ƙarƙashin filo da saman wardirob duk sun san da su. In ba zai maida ta ma'ajiyar ofis ba, to a sauke ta, a kulle a akwatin ƙarfe, harsashi a wani wuri daban shi ma a kulle, makullin a jikinshi. Ki samu lokacin da hankalinshi ke kwance ki faɗa mashi, in bai ji ba ki haɗa da wanda yake jin nauyi.

In kawo bindigar shago ka auna? Kuma yaushe zan san ya tsufa?

A'a ranka ya daɗe, kada ka kawo. Shagona a bakin hanya yake, ga yara masu koyo ga masu wucewa. Ka faɗa mani sunanta da lambar ƙirarta daidai, don Glock 17 da 19 ma tsawonsu ba guda ba ne, ka faɗa mani badame ne kai ko bahago, da faɗin bel ɗinka da irin kayan da ka fi sawa. In ina da samfurinta in yi, in ba ni da shi in gaya maka gaskiya ka nemi na kamfani, ba zan yi maka aikin kintace a kan abin da rai ke rataye da shi ba. Kuɗi kuwa yana bin farashin ƙirgi ne a ranar, sai mun yi magana.

Tsufa kuma ba da shekara nake aunawa ba, wani wata 8 ya gama da nashi saboda zufa da babur, wani shekaru yana nan garau. Duk ranar Juma'a in ka cire kaya ka ɗauki minti 2 ka duba: ka matsa bakin da yatsa ka ga ko yana komawa ya buɗe, ka bi ɗinkin ka ga ko zare ya fara tashi musamman wajen ramin bel, ka gwada maɓallin maɗauri, in na roba ne ka duba tsaga da kusoshin ko sun kwance. Zare da maɓalli ina gyarawa a zaune kana jira. Amma in fatar wajen kunama ta yi laushi har tana lanƙwashewa da yatsa guda, kada ka kawo mani gyara, ka zo da shi mu sa mashi almakashi in auna maka wani.